Wa Ke Biyan Kuɗin Koyon Tuƙin Babbar Mota a Gadarif?

Koyon tuƙin babbar mota a Gadarif abu ne da ake biya, jama'a masu sauraro, ko da ba a ga kuɗi sun fita daga aljihu ba. Wani da tsaba yake biya. Wani da shekarun ƙuruciyarsa. Wani kuma da bashin da zai bi shi har ɗakin aurensa. A kan wannan biyan sharhin yau yake. Maganar da za a yi ta ji tana dawowa kuwa guda ce. Wanda ya biya wa saurayi kuɗin koyo, shi ke riƙe da shekarunsa na farko a kan sitiyari.

Da farko, me ke jan samarin wannan gari zuwa babbar mota? Amsar tana cikin ƙasar da suke takawa. Gadarif na gabashin Sudan, daf da iyakar Habasha. Ƙasarta baƙar laka ce, shimfiɗaɗɗiya, mai riƙe ruwa. A tsakiyar shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila suka fara noma da tarakta a Gadambaliya don ciyar da sojojinsu. Daga nan manyan gonaki suka yi ta faɗaɗa. Dawa ce kan gaba, musamman fatarita. Riɗi na biye, shi ne mai kawo kuɗin waje. Kasuwar amfanin gona ta Gadarif na cikin manyan wuraren da ake yanka farashin riɗi a ƙasar. Dogon rumbun simintin da aka gina da taimakon Tarayyar Sobiyet a shekarun 1960 yana nan tsaye, ana hango shi daga nesa.

Duk wannan hatsi sai an ɗauke shi. A da jirgin ƙasa ke yi, domin dogo ya iso Gadarif tun ƙarshen shekarun 1920. Amma daga shekarun 1970 jirgin ya yi ta ja da baya. 'Yan ƙasar Sin suka shimfiɗa kwalta daga Madani zuwa Gadarif. A 1980 aka kammala hanyar gaba ɗaya, daga Khartum ta bi Madani, Gadarif da Kasala har Bur Sudan, tafiyar kimanin kilomita 1,200. Tun daga lokacin kaya suka koma bayan mota. Wata kwaltar kuma ta yi kudu maso gabas, ta Doka zuwa Gallabat, inda ake tsallakawa Matamma ta Habasha.

Hausawan wannan yanki ba baƙin hanya ba ne. Kakanninsu da yawa mahajjata ne da suka taso a ƙafa, suka tsaya neman guzuri, zama ya kama su. Wasu sun biyo ayarin da ya yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Noma suka riƙe, da kamun kifi, da ƙwadago a manyan gonaki. Saurayin da ya tashi yana ɗora buhu a bayan mota, ba abin mamaki ba ne idan ya fara kallon kujerar gaba. Direba na cin kuɗi rani da damina. Ɗan ƙwadago kuwa sai kaka.

To, masu sauraro, sai tambaya ta gaba. Mene ne ainihin abin da ake biya?

Mutane kan ɗauka kuɗin makarantar tuƙi ne kawai. Shi ne ma ƙarami a cikin lissafin. Lasisi a Sudan hawa-hawa ne, kuma 'yan sandan hanya ke bayarwa. Ana fara riƙe na ƙaramar mota, wanda ake kira mallaki. Sai an ƙara shekaru, an kuma goge, kafin a nemi lasisin amma, na masu tuƙin haya da ɗaukar kaya. Kowane hawa da kuɗinsa. Akwai gwajin ido da duba lafiya. Akwai jarrabawar alamomin hanya, da Larabci. Akwai gwajin tuƙi a gaban jami'i. Wanda ya faɗi zai sake dawowa, ya sake kashe kuɗi.

Kafin duk wannan akwai takarda. Ba a buɗe wa mutum fayil sai da lambar ɗan ƙasa, wato raƙam watani. Ga wasu iyalan Hausa nan ne tsadar farko take. An haifi uba a Sudan, an haifi kaka a Sudan, amma a ofis a ce a kawo shaidu. Sai a yi ta zirga-zirga daga ƙauye zuwa gari. Kuɗin mota, kuɗin abinci, da ranakun aikin da suka salwanta. Iyalin da suka yi wa ɗansu takarda tun yana ƙarami sun rage masa rabin wahala.

Sai babbar matsalar. Makarantun tuƙi na cikin gari akasari ƙananan motoci gare su. Suna koyar da kama sitiyari, sauya giya, ajiye mota da karanta alama. Wannan ilimi ne mai amfani, kuma yaron tasha yakan rasa shi. Amma mai motar da zai damƙa wa mutum jarrar, wato tirela, cike da riɗi ba satifiket yake tambaya ba. Tambayarsa ita ce, wa ya koya maka? Sau nawa ka sauka Agaba?

Agaba ita ce gangaren da ke tsakanin Sinkat da Sawakin, inda hanya ke saukowa daga duwatsun Bahar Maliya. Daga Gadarif zuwa Bur Sudan kusan kilomita 800 ne, kuma wannan gangaren ne wurin da direbobi suka fi ambata. Mota mai lodi ba a sauko da ita da birki. Da ƙaramar giya ake riƙe ta tun daga sama. Wanda ya dinga taka birki, zai ɗau zafi, ya fara wari, daga nan ya saki. Wannan darasi ba a koyonsa a filin makaranta. Sai an zauna kusa da wanda ya iya, an ji ƙarar injin da kunne. Saboda haka abin da ya fi tsada a wannan sana'a shi ne zama a gaban mota. Watanni ne, wani lokaci shekaru, ba tare da albashin kirki ba. Wa zai ciyar da saurayin a wannan tsakani? Wa zai ciyar da mahaifiyarsa? Nan ne maganar biya take.

Yanzu a duba hanyoyin biyan ɗaya bayan ɗaya. Mafi daɗewa ita ce zama yaron mota.

A Sudan ana ce masa musa'id, kuma shi ma hawa biyu ne. Sabon shiga shi ne musa'id halla, yaron tukunya. Idan an yada zango shi ke hura wuta. Shi ke tuƙa asida, ya dafa shayi, ya wanke kwanoni. Shi ke kwana a kan kaya yana gadi. Idan mota ta tsaya a hawa, shi ke dirowa da gudu ya sa waigi a bayan taya. Na gaba da shi shi ne musa'id yay, mai kula da sifirin, taya da ƙarƙashin mota. Shi ke duba baƙin mai da ruwan lagireto da asuba. Shi ke ɗaure tamfol, ya ja igiya har ta yi kuka. Shi ke kwance taya a tsakar rana, ƙarfe na ƙona hannu. Daga shi sai direba, wanda kowa ke kira usta.

Tsarin ya kafu ne tun zamanin Bedford, motar da 'yan Sudan ke kira sifinja. Maƙera da kanikawa a garuruwa irin su Madani da Al-Ubayyid sun riƙa kwance ta suna sake ƙera ta. Su ƙara mata ƙarfe, su ƙarfafa sifirin, har ta ɗauki fiye da abin da masu kamfanin suka tsara. Irin wannan mota tana bukatar hannu da yawa a hanya. Yau Hino da manyan jarrar sun karɓi dogon zango, amma ladabin gaban mota bai sauya ba.

Yadda ake shiga ma sananne ne. Uba ko kawu ya kama hannun yaro ya kai shi tasha. Ya ce, “Usta, ga ɗanka. Amana ce na kawo maka.” Usta ya ce, “Allah ya ba mu ikon riƙewa, Baba.” A shafa fatiha. Ba takarda, ba wa'adi.

Alherin wannan hanya a fili yake. Ba a neman ko fam ɗaya daga gidan yaro. Yana ci, yana samun ɗan na kashewa a ƙarshen kowace tafiya. Yana koyon abin da kuɗi ba ya saya. Ya san wace hanyar gona ce ke kafe mota da zarar an yi ruwan farko, domin baƙar lakar Gadarif idan ta jiƙe ko tarakta sai ta yi da gaske. Ya san yadda ake jera buhu don kada nauyi ya kwanta gefe guda. Ya san dillalan lodi, ya san yadda ake magana a shinge. Sannan sunan usta ya zama takardar shaidarsa.

Illarta kuma ita ce rashin wa'adi. Ranar da yaro zai taɓa sitiyari tana hannun mutum ɗaya. Usta mai tsoron Allah kan fara ba shi ribas a tasha. Daga nan ya ba shi mota ba kaya a miƙaƙƙiyar hanya. Daga nan ya ba shi da lodi, shi yana gefe yana kallo. In ya gamsu, shi da kansa zai raka shi wurin gwaji, ya kuma yi masa magana wurin mai mota. Wani usta kuwa ba ya son rabuwa da yaron da ya iya aiki. Kullum sai ya ce da saura. Yaro ya yi gemu yana wanke tukunya. Ga kuma halayen da ake gado tare da gwaninta: lodin da ya wuce kima, tuƙi cikin gyangyaɗi, da ƙwayar hana barci. Ba a biya da kuɗi ba, gaskiya ne. An biya da shekaru, kuma usta ne ya ƙidaya su. Wanda ya biya kuɗin koyo, shi ke riƙe da shekarun farko.

Hanya ta gaba, masu sauraro, ita ce kuɗin gida.

Nan iyaye mata ne kan gaba. Adashi, wanda a Sudan ake kira sanduƙ, ya fitar da lasisi da yawa. Uwa ta roƙi a ba ta ɗauka a watan da ɗanta zai shiga gwaji. Wasu gidajen tunkiya suke sayarwa. Wasu samarin da kansu suke tarawa, ta hanyar tuƙa tarakta da damina. A manyan gonaki tarakta mai jan diski ba ta hutawa lokacin shuka, dare da rana ake karɓa-karɓa. Wanda ya yi damina biyu ko uku a kanta ya san inji, ya san laka, ya kuma samu abin ajiyewa.

Wannan ce hanyar da ta fi barin saurayi da 'yancinsa. Amma ko ita da igiyarta. Wanda gida ya biya wa, gida zai tallafa. Kuɗin makarantar ƙanne da kayan ɗakin ƙanwa suna jiran albashinsa na farko. Bambancin shi ne wannan bashi ne da ba a kai mutum kotu a kansa.

Abokin gabar mai tari kuwa shi ne faɗuwar kuɗi. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, daga 55 a dala ɗaya zuwa 375. A tsakiyar wannan shekara hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. A shekarar ce kuma aka janye tallafin fetur da gas. Makarantar tuƙi da mai take aiki, don haka kuɗinta bin farashin mai yake. Bayan ɓarkewar yaƙi a 2023 fam ya ƙara zubewa. Wanda ya ɗauki adashi a ƙarshen zagaye ya karɓi adadin da aka ce, amma ba zai sayi abin da na farko ya saya ba. Shi ya sa masu dabara ba sa tara takarda. Buhun dawa suke ajiyewa, ko riɗi, ko ɗan rago. Su sayar a makon da za a biya.

Akwai kuma wani cikas na lokaci, wanda ya kamata a tsaya a kansa. Kuɗi na shigowa Gadarif ne da kaka. Ana yankan riɗi wajen Oktoba, dawa ta biyo baya. A daidai lokacin ne kuma kowace mota ke kan hanya, kowane hannu na da aiki. Ba mai barin lodi ya tafi aji. Lokacin da saurayi ke da sarari shi ne tsakiyar damina, sa'ad da hanyoyin gona suka rufe. A lokacin kuwa aljihu ya bushe, rumbu ya yi ƙasa. Mai kuɗi ba shi da lokaci, mai lokaci ba shi da kuɗi. Ta wannan ƙofa bashi ke shigowa.

Bashin da aka fi sani a karkarar Sudan shi ne shel. Ɗan kasuwa ya ba manomi kuɗi a watannin yunwa. Manomi ya yi alkawarin biya da buhuna idan an girbe, a kan farashin da aka yanka tun yanzu. Farashin kusan kullum ƙasa yake da na kasuwa, wani lokaci ƙasa sosai. Uban da ya ci shel don ya fitar wa ɗansa lasisi ya sayar da amfanin gonarsa tun yana kore. Idan damina ta yi kyau, ya yi asarar riba. Idan ruwa ya ɗauke ko tsuntsu ya sauka, bashin ya tsallaka baɗi. Sai ɗan ya fara tuƙi, amma albashin na mai kanti ne. Cikin duk hanyoyin biya, wannan ce ta fi saurin cinye gida.

To banki fa? Bankunan Sudan a kan tsarin Musulunci suke aiki. Ba sa ba da kuɗi da ruwa. Suna saya su sayar da riba, wato murabaha. Suna sayen amfanin gona tun kafin girbi, wato salam. A 2007 Babban Bankin Sudan ya umarci bankuna su ware kashi 12 cikin 100 na abin da suke bayarwa don ƙananan masu sana'a. Akwai Bankin Iyali, akwai Bankin Ajiya da Raya Al'umma, akwai Bankin Noma. Sai dai waɗannan tsare-tsare sun fi dacewa da abin da ake gani a taɓa. Banki ya san yadda zai sayi keken ɗinki ko raksha, wato babur mai ƙafa uku, ya sayar wa mutum. Darasin tuƙi ba kaya ba ne da za a ƙwace idan an kasa biya. Wasu kan karɓi salam da sunan gona su karkatar da shi. Gonar ta rasa shara, bashin kuma yana nan.

Abin da ya kamata kowane mai sauraro ya sani game da banki shi ne caki. Yawanci da shi ake lamuni, na mai karɓa ko na wanda ya tsaya masa. A dokar laifuka ta Sudan ta 1991, cakin da ya dawo ba kuɗi laifi ne. Kalmar da kotu ke faɗa ta shiga bakin kowa: yabƙa li hinis sadad, ya zauna a tsare har sai ya biya. Manoman Gadarif sun san wannan jumla tun shekarun 1990, lokacin da da yawansu suka kasa biyan bankuna. Kawun da ya sa hannu a caki don ɗan ƙanwarsa, kansa ya jingina.

Diwanin Zakka ya bambanta, domin abin da ya bayar ba bashi ba ne. A Sudan hukuma ce ke karɓar zakka, kuma Gadarif na cikin jihohin da suka fi tara zakkar hatsi. Diwanin kan taimaka wa mabukata da abin sana'a, ta hannun kwamitocin unguwa. Masu nema sun fi abin da ake rabawa yawa, jira kuma na da tsawo. Duk da haka maraya ko ɗan gidan da ba shi da ƙarfi bai kamata ya ji kunyar miƙa takarda ba. Haƙƙinsa ne.

Sai hanyar da ta fi kama da alheri a ido, wato mai mota ya biya. Attajiri ya ga yaro mai hankali a tasha. Ya ce, “Je ka yi lasisi, ni zan biya. In ka fito ga mota.” Sau da yawa da zuciya ɗaya ake faɗa. Matsalar tana zuwa daga baya. Nawa aka kashe? Ba a rubuta ba. Kyauta ce ko rance? Ba a faɗa ba. Shekara nawa zai yi kafin ya iya komawa wani wuri? Ba wanda ya tambaya, don kunya. Sai direba ya yi ta karɓar abin da bai kai na sa'o'insa ba. Ranar da ya ce zai tafi, a kira shi butulu. Wani mai motar ma riƙe lasisin yake yi a aljihun tebur.

Wannan ba halin Sudan kaɗai ba ne. A Amurka manyan kamfanonin sufuri kan biya wa mutum makarantar tuƙi, bisa sharaɗin ya yi musu aiki na wani wa'adi, galibi kimanin shekara. In ya tafi kafin lokaci, ya biya kuɗin. A Ingila, da aka yi ƙarancin direbobi a 2021 har gidajen mai suka ƙafe, gwamnati ce ta ɗauki nauyin horar da sababbi kyauta. A tashoshin Kano da Maraɗi kuwa yaron mota ne, kamar dai a Gadarif. Ko'ina dokar ɗaya ce. Wanda ya biya, shi ke riƙe da shekarun farko. Abin da ya raba su shi ne a wani wurin an rubuta yawan shekarun, a wani wurin an bar su a baki.

Akwai kuma masu kallon tsallaken teku. Jirgin ruwa na tashi daga Sawakin zuwa Jidda, kuma direbobin Sudan sun daɗe suna aiki a Saudiyya. Dillali ya ce zai samo biza, a biya shi kaza, ko a cire daga albashi. Abin da ba a cika faɗa wa saurayi ba shi ne lasisin Sudan ba ya isa can. Sai ya sake neman na ƙasar, kuma zamansa na rataye da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa. Wanda ya ci bashi ya yi lasisi, ya sake cin bashi ya sayi biza, ya sauka Jidda da iyayen gida biyu.

Yanzu a zo ga halin da ake ciki. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya sauya lissafin duka. Gwamnati ta koma Bur Sudan. A Disambar wannan shekara Madani ta faɗa hannun dakarun Da'am Sari, hanyar yamma ta yanke, sai a Janairun 2025 soja suka karɓe ta. Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira, a kan waɗanda suka tsallako daga Tigrai tun ƙarshen 2020 suka zauna a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba. Hanyar Kasala zuwa Bur Sudan ta zama jijiyar ƙasa. Kayan agaji, fulawa, mai da magani suna bi ta nan.

Ga mai son koyo, wannan na da fuska biyu. Aiki ya ƙaru a gabas. Ƙungiyoyin agaji da kamfanonin da ke yi musu dako suna duba takarda da gaske, don haka lasisi na gaskiya ya ƙara daraja. A ɗaya gefen, cikin waɗanda yaƙi ya koro akwai tsofaffin direbobi daga Khartum da Jazira, masu shekaru a kan hanya, suna neman kowace irin mota. Sabon direba da su yake takara. Shingaye sun yawaita. Iyakar Gallabat kan rufe lokaci-lokaci saboda rikicin da ke ɓangaren Habasha. Kayan gyara sun yi tsada, mai mota ba ya son ba sabon hannu. Saurayin da ya ci bashi bisa zaton zai samu mota washegarin lasisi, ya yi lissafi da abin da ba ya hannunsa.

A irin wannan yanayi ne 'yan kamasho ke yawaita a bakin ofis. Su ce a kawo kuɗi, lasisi zai fito ba gwaji. Kuɗin hukuma a Sudan rasit gare shi, wanda aka daɗe ana kira Urnik 15. Duk abin da aka biya ba a karɓi wannan rasit ba, ba asusun gwamnati ya shiga ba. Lasisin da aka saya kuma ba ya riƙe mota a Agaba. Ranar da aka yi haɗari aka bincika, direban ne zai tsaya shi kaɗai.

Daga abin da ya gabata, tsarin da ya fi sauƙin ɗauka ga talaka a Gadarif shi ne a haɗa hanyoyin, kada a jingina da ɗaya. Saurayi ya fara da takardar ɗan ƙasa. Ya yi mallaki da kuɗin taraktarsa ko adashin gida, tun da shi ne mai araha. Shekarun da doka ta ce a jira kafin lasisin amma, ya yi su a gaban mota wurin usta, yana ci yana koyo. Ya ajiye buhu da kaka, ya sayar da damina, ya shiga aji lokacin da hanya ta rufe. In ya zama dole mai mota ya cika masa, to a faɗi adadi, a faɗi wa'adi. A faɗa a gaban limami ko sarkin Hausawan unguwa, a kuma rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Don haka neman a rubuta ba raini ba ne ga babba. Haka ma wurin usta. Uban da ya kai amana yana da damar tambaya cikin ladabi, yaushe yaron zai fara taɓa sitiyari, kuma wa zai biya kuɗin gwaji.

Jama'a masu sauraro, iyaye da kawunnai da ke da saurayi mai wannan buri, a zauna da shi kafin kaka ta shigo. A tambaye shi wa zai biya, da me, kuma zuwa yaushe. Samarin da ke saurare daga tasha, ko daga saman lodi a hanyar Kasala, a gaishe ku da aiki. Usta da ke riƙe da ɗan wani, a duba ko lokacin ba shi ribas ya yi. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya. Sai an jima.